Autanmu yana Niyu Zilan zai shiga kulob ɗin masu zamiya a kan dusar ƙanƙara, in bar shi?

ManominTaura:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah shawara nake nema, kuma wanda ya san abin nake so ya amsa min tsakaninsa da Allah don maganar nan kwana biyu ta hana ni barci. Ni ina wani ƙauye ne a ƙasar Taura nan Jigawa, noma nake yi sai ɗan saye da sayar da hatsi a Gujungu. Autanmu Allah ya ba shi kai, ya samu sikolashif ya tafi Niyu Zilan yin digiri na biyu a fannin noma a jami'ar Lincoln, kusa da birnin Christchurch. Tun rasuwar Baba ni ne uba a gidan, kuma yaron nan Allah ya yi masa albarka ko takalmi zai saya mai tsada sai ya sanar da ni.

Shekaranjiya ya turo min bidiyo ta WhatsApp. Mu nan damina ta yi tsakiya ana ta maimai, su can yanzu ne tsakiyar hunturu. Dutse ne fari fat kamar an baza auduga, mutane sun ɗaura wasu dogayen abubuwa kamar falanki a ƙafa suna sulalowa daga sama a guje. Saukowar ma ba ita ta fi tayar min da hankali ba, hawan ne, wata igiya ce take ta gudu ba ta tsayawa sai mutum ya maƙala wani ƙarfe a jikinta ta fizge shi ta yi sama da shi. Abokan karatunsa ne suka kai shi sau ɗaya, to yanzu ya ce yana so ya biya kuɗi ya zama mamba, wai wurin ba na gwamnati ba ne ba na kamfani ba, ƴan kulob ɗin ne da kansu suke riƙe da shi, su ne gyaran hanya su ne gyaran inji har wanke-wanke ma.

To nan ne gabana ya faɗi wlh. Don ni na san yadda kayan jama'a yake ƙarewa. An yi mana bohol mai sola a garinmu, aka kafa kwamiti aka ce kowane gida ya riƙa ba da wani abu duk sati, ba a rufa shekara ba famfon ya tsaya, aka zo neman kuɗin asusu babu, littafin da ake rubutawa ma an ce ya ɓata, kowa yana nuna ɗan'uwansa da yatsa. Yau shekara uku kenan matanmu sun koma jan guga. Idan bohol ya lalace ƙishirwa ce, to in igiya ta tsinke da mutum a saman dutse fa, wa za a kama?

Inna ban nuna mata bidiyon ba tukuna. Dama tun da wani ya ba ta labarin harin da aka kai masallatan Christchurch a 2019 hankalinta bai taɓa kwanciya ba. In hana shi ne ko in ƙyale shi? Nagode.

AbbanHajara:

Wa alaikumus salam. Malam ni dai gaskiya ban ga abin shawara a nan ba, karatu aka tura shi ko wasa? Kuɗin da zai zuba a wannan sulun ya turo maka ka sayi taki, kai kana nan kana fama da rana a gona shi yana can yana tsalle a kan dutse. Ka ce masa a'a kawai, kai ne babba. Mu yaran garinmu a Birnin Kudu suna yanka jarka su zauna a kai su yi sulu a kan fa kuma kullum cikin korarsu muke don mun sha ganin karaya, balle dutsen da ya ninka wannan ban san sau nawa ba. Allah ya dawo da shi lafiya da takardarsa a hannu, shi ne abin da Inna take jira.

MalaminGona_Kura:

Wa alaikumus salam Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka maka da riƙon zumunci. Na yi shekara biyu da rabi a Christchurch ina karatu kafin in dawo gida, kuma irin wuraren nan na je su ya fi sau goma, bari in ba ka abin da idona ya gani, mai daɗin da marar daɗin.

Wuraren zamiya a ƙasar iri biyu ne. Akwai na kamfani irin su Mount Hutt, can kujeru ne a rataye jikin waya ka zauna a kai ka sama, da dare wata mota ta bi ta daddaɓe ƙanƙarar ta yi sumul, sai dai tikitinsu da tsada. Sai kuma na kulob, irin wanda ƙanenka yake magana. Da yawansu suna jere ne a kan hanya mai lamba 73 wadda ta tashi daga Christchurch ta ratsa duwatsu ta Arthur's Pass ta ɓulla gaɓar yamma, akwai Cheeseman, Broken River, Craigieburn da Temple Basin, sai Mount Olympus da ake shiga ta wata hanyar daban. Ba jiya aka fara ba, kulob ɗin Cheeseman tun 1929 yake. In ka sauka daga kwalta burji ne mai kwana-kwana, gefe guda dutse gefe guda rami, sai an ɗaura wa tayoyi sarƙa in ƙanƙara ta zuba. Temple Basin ma mota ba ta zuwa sam, a bakin titi za ka ajiye ta, a ɗora kayanka a wani akwati mai bin waya, kai kuma ka taka da ƙafa wajen awa guda kana haki.

Maganar bohol ɗinku ita ce ta sa na tsaya rubuta wannan dogon bayanin, don nima da wannan tunanin na je. Abin da suke yi gayya ce Malam, gayya sak irin tamu, kiɗa ne kawai babu. Lokacin zafinsu, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, ƙanƙara ta narke, sai a sa ranakun aiki a ƙarshen sati mambobi su hau da motocinsu. Na je guda ɗaya. Na ga likita da manomin tumaki suna faskaren itacen da za a ji ɗumi da shi, ɗalibai mata suna fentin ɗakin kwana, wasu suna yashe kwalbati. Wanda ba na mantawa wani tsoho ne da ya haura saba'in, yana zaune a kan kututture da bakin igiya biyu a cinyarsa, ya warware tufkar kowanne yana saƙa su cikin juna sili-sili, ya fi awa biyu a kai, da ya gama in ka shafa da hannu da ƙyar za ka gane inda mahaɗar take. Na tambaye shi ya ce jikokinsa ne za su hau ta in sanyi ya shigo.

Amma ba zuciya mai kyau kaɗai ke riƙe da wurin ba, akwai lissafi. Kulob ɗin rajista gare shi, doka ta wajabta masa fitar da bayanin kuɗinsa duk shekara, ana taron shekara a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a zaɓi shugabanni, wanda bai yi ba a sauke shi ba gaba ba faɗa. Riba ba ta shiga aljihun kowa, wurin take komawa. Sannan in lokacin sanyi ya zo ba su barin komai a hannun ƴan sa kai, suna ɗaukar ma'aikata da albashi, manaja da mai girki da masu sintiri da aka horar. Masu sintirin nan da sassafe suke hawa su duba yadda ƙanƙarar ta kwanta, inda suka ga za ta iya zaftarowa su jefa nakiya su zubo da ita tun ba kowa a ƙasa, in ba su gamsu ba su rufe wurin ranar. Na taɓa yin tafiyar kusan awa biyu na tarar an rufe, raina ya ɓaci a lokacin amma daga baya na gane da rayukanmu suke.

Yanzu marar daɗin. Igiyar nan ba wasa ba ce. Ƙarfen da ka gani suna ce masa natkiraka, kamar awartakin maƙera yake, a ɗaure yake da wata ɗamara a ƙugunka. Sai ka fara kama igiyar da hannu ɗaya tana zamewa a tafinka har gudunku ya zo ɗaya, sannan ka wurga ƙarfen ya cije ta ka damƙe, ka janye ɗayan hannun da sauri kafin ka iso fuli na farko, wato ƴar tayar da igiyar take bi ta kanta, don ƙarfen ne yake wucewa ta kan fulin, yatsa in ya shiga nan sai dai wani ba shi ba. Ranar farko na faɗi ya fi sau goma, safar hannuna sabuwa dal ta yage kafin azahar don ban sa ta fata a samanta ba, kafaɗata ta yi sati tana ciwo, laifina ne kuma don an ce in tsaya a koya min na yi gaggawa. Ba a hawa da mayafi ko rawani ko wani abu mai reto, komai sai an cusa shi cikin riga.

Shawarata ka tambaye shi wane wuri ne takamaimai. In Craigieburn ne ka ce ya dakata, wurin ƙwararru ne, gangarensa tsaye yake kuma ba a daddaɓe shi. Ɗan koyo ya fara da Cheeseman, can wani ƙarfe ne mai kamar harafin T yake tura ka ta baya, ko Porters wanda yake kan hanyar tasu, ya biya mai koyarwa ya koya masa yadda ake tsayawa da yadda ake faɗuwa. Kuma ya yi maka alkawari ba zai tsallake iyakar da aka sa ba komai kiran abokai, don can waje ba wanda ya duba ƙanƙarar, masu fita sai da na'urar nemo mutum da shebur da sandar caka, kuma wanda ƙanƙara ta binne in aka wuce minti 15 ba a tono shi ba damar tsira tana raguwa sosai. Batun wa za a kama, ƙasar tana da wani tsari ACC tun 1974, duk wanda ya yi haɗari a ƙasar ɗan ƙasa ne ko baƙo tsarin yana taimakawa da kuɗin magani ba tare da neman mai laifi ba, ga inshorar da ake wajabta wa ɗaliban waje.

Ka gaya masa kuma kar ya bar jaka a buɗe a waje. Akwai wani aku na duwatsun, kea, kore-kore mai ja a ƙarƙashin fiffike, a gabana ya zauna kan motarmu ya ɓanɓare robar waifa tas, kuma doka ta hana a taɓa shi.

Malam AbbanHajara ina ganin girmanka, amma yaro shi kaɗai a ƙasar da rana take faɗuwa tun wajen biyar a hunturu, ba dangi ba majalisa, kaɗaici yana cin mutum fiye da yadda ake zato. Ni mutanen da na sani a wurin gayyar nan su ne suka kai ni gonakinsu na ga abubuwan da ban gani a aji ba.

Bakanike_Gumel:

Slm. Na je na nemi bidiyon irin injin na kalla har sau uku, oga wannan ai ɗan'uwan injin niƙa ne. Inji ɗaya a ƙasa, babban fuli yana juya igiya, igiyar ta zaga ta dawo kamar bel, sai ƙananan fuli a jikin turaku suna riƙe ta. Ba wani abin mamaki a ciki, kuma inji mai sauƙi shi ya fi daɗewa in ana ba shi giris a kan lokaci ana duba boris. In igiyar ta tsinke ma mutum a ƙasa yake tsaye da ƙafarsa ba a sama yake reto ba. Ni abin da zan so sani akwai abin kashe shi nan take in mutum ya maƙale? Sannan maganar bohol ɗinku oga, kun taɓa kiran wani ya zaro famfon ya duba kuwa? Sau da yawa ba famfon ne yake ƙonewa ba, kwantirola ce ko waya ta ci wuta ko yashi ya toshe, na ga wanda ya shekara biyu a tsaye aka tashe shi a yini ɗaya.

MalaminGona_Kura:

Akwai oga, a can sama kafin babban fuli akwai wata siririyar waya a gicciye, mutum in ya wuce wurin sauka bai saki ba jikinsa zai ture ta inji ya mutu. Kuma ka canka daidai, wanda ya haɗa igiyar da aka kafa a Coronet Peak, wani wurin zamiya a ƙasar, a 1947, Bill Hamilton, manomin tumaki ne mai ƙere-ƙere a garejin gonarsa.

MamanKhalifa_Ringim:

Assalamu alaikum Yaya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibiti, ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a waya amma akwai abin da ba wanda ya taɓo kuma shi ya fi damuna. Mene ne jinin yaron? In mai sikila ne, SS, to maganar ta ƙare a nan, sanyi mai tsanani da gajiya da ƙarancin ruwa a jiki su ne manyan masu tayar da ciwon, mu nan ma da hunturu gadajenmu cika suke yi da su. In AS ne ya je asibitin makarantarsu ya gaya wa likita abin da yake shirin yi ya ji ta bakinsa. In AA ne alhamdulillah.

Bayan wannan, raunin da ya fi yawa a wasan nan na gwiwa ne, jijiyar cikin gwiwa takan tsinke in ƙafa ta murɗe, kuma jinyarta watanni ce, mai rubuta bincike ya sa wannan a lissafi. Hular kwano dole, kar ya ce nauyi. Tabarau ma dole, don farar ƙanƙara tana mayar da hasken rana cikin ido har ta ƙona shi, mutum ya kwana biyu yana hawaye kamar an zuba masa yashi, kuma kar ya ce shi baƙi ne rana ba ta ƙona shi, leɓe da hanci suna saɓulewa. Kar ya sa singileti ko rigar auduga a ciki, in ya yi gumi tana riƙe ruwa ta yi sanyi a jikinsa, ulu ake sawa. Ya riƙa shan ruwa ko bai ji ƙishi ba don a sanyi mutum ba ya ji.

Sai Inna. Yaya dan Allah kar ka ɓoye mata, ni uwa ce, gara in ji daga bakin ɗana da in gani a wayar maƙwabta, kuma ka san yadda bidiyo yake yawo a gari. Ka zauna kusa da ita ka nuna mata kana yi mata bayani, kar ka miƙa mata wayar ka tashi.

Alaramma_Kazaure:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya ta riga ni. Motsa jiki halal ne, abin da aka hana shi ne jefa kai cikin halaka, kuma bayanin Malamin Gona ya nuna akwai inda ake bi da kiyayewa akwai inda ganganci ne. Amma yardar mahaifiya tana gaba da wannan duka, wanda ya zo neman izinin fita jihadi ma Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa suna raye ya mayar da shi gare su, to ina ga wasa. In ta ce a'a ya haƙura ko da kowa ya ce ba komai. In ta yarda, ka tambaye shi sallarsa a can saman, inda zai yi alwala da inda zai yi ta, ya san hukuncin shafa a kan huffi, sannan abincin masaukin tunda tukunya ɗaya ake yi wa kowa, ya faɗa musu tun farko ba ya cin alade ba ya shan giya, kar kunya ta hana shi.

ManominTaura:

Jama'a nagode ƙwarai, Allah ya bar zumunci, ban zaci zan samu amsa haka ba. Jiya bayan isha'i na kira shi, su lokacin bakwai na safe ta wuce don awa 11 suke gabanmu, muka yi magana har kati ya ƙare na sake sawa. Hajiya Maman Khalifa, jininsa AA ne, an gwada shi kafin ya tafi, na tuna ma ni na raka shi. Malam Alaramma ya ce ranar da suka je ya yi azahar da la'asar a ɗakin da ake shanya takalma don nan ne da ɗumi, kuma mai girkin da ya gaya mata sai ta ware masa nasa a wata tukunya ba ta ko ɓata rai ba. Wurin nasu mai igiya ne, na karanta masa abin da Malamin Gona ya rubuta kalma kalma ya yi shiru, sannan ya ce gaskiya ne ranar ma sau uku kawai ya iya kaiwa sama. Mun tsaya a kan bana ba zai biya kuɗin mamba ba, zai je wurin ƴan koyo tukuna da mai koyarwa da hular kwano, in zafi ya shigo ya je gayyar tasu ya ga mutanen da kyau, baɗi in Allah ya kai mu sai a sake magana. Malam AbbanHajara na faɗa masa taka ma, ya ce kuɗin daga aikin da yake yi ne a wata gonar shanu ranar da ba lacca, kuma na taki yana nan tafe ƙarshen wata.

Duk wannan in Inna ta yarda ne. Yau da daddare in ta gama lazimi zan zauna da ita kamar yadda Hajiya ta ce, ku taya ni da addu'a don na san sai ta yi kuka.

Na kuma ce ya nemo min takardar lissafin kulob ɗin ta shekara ɗaya ya fassara min ko shafi biyu ne, ina so in ga yadda suke jera abin, in kai wa mai gari da liman ranar Juma'a bayan an sauko. Oga Bakanike wlh ba wanda ya taɓa zaro famfon nan, cewa kawai aka yi ya ƙone muka yarda. Na tura maka saƙo ta ciki, in kana da hali ranar da za ka shigo Gujungu ka sanar da ni in zo in ɗauke ka a mashin, daga kasuwa zuwa garinmu ba nisa sai dai akwai wani kwari da yake cika in an yi ruwa, ka taho da takalmin roba.